Daga Tiga Zuwa Bosso: Yawon Buɗe Ido a Kogin Ƙasa Biyu

Duk ɗalibin da ya yi karatun labarin ƙasa ya san kogi ba ya neman fasfo. Inda ya ga gangare nan yake bi, ko ƙasar wane sarki ce. Mu da muke zaune a ƙasashen Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa mun saba da Kogin Kano da tafkin Tiga, har muna ganin kamar namu ne mu kaɗai. Alhali kuwa hanyar ruwan nan doguwa ce, ƙarshenta ma yana kan iyakar Nijeriya da Jumhuriyar Nijar. A wannan darasi za mu bi kogin daga kansa zuwa wutsiyarsa, mu ga abin da zai jawo baƙi masu yawon buɗe ido, sa'an nan mu ga dalilin da ya sa ƙasa ɗaya ba za ta ci wannan riba ita kaɗai ba, sai da hannun 'yar'uwarta.

Hanyar kogin

Kogin Kano yana tasowa ne daga tuddan da ke kudancin jiharmu. Yana ratsa dajin Falgore, sa'an nan ya zuba a tafkin Tiga, kimanin kilomita 70 kudu da birnin Kano. An gama gina madatsar Tiga a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, wanda ya mulki Jihar Kano daga 1967 zuwa 1975. Tsawon bangon madatsar ya kai wajen kilomita 6, kuma da ruwanta ake noman rani a Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda ake samun shinkafa da alkama da tumatir.

Daga Tiga kogin ya nausa arewa, ya gamu da Kogin Calawa kudu da birnin Kano. Daga nan sunansa ya koma Kogin Haɗejiya. Ya wuce Wudil, ya shiga Jihar Jigawa, ya wuce garin Haɗejiya, sa'an nan ya rarrabu cikin wata babbar fadama da ake kira fadamar Haɗejiya da Nguru. A wajen Gashuwa ya haɗu da Kogin Jama'are, wanda ya taso daga tsaunukan Jos. Su biyun nan su ne suka zama Kogin Yobe, wanda Barebari ke kira Komadugu Yobe, domin komadugu a harshensu kogi ke nan. Daga sunan nan ne Jihar Yobe ta samo nata suna da aka ƙirƙiro ta a 1991.

Bayan ya wuce Gaidam, kogin ya zama shi ne iyaka tsakanin Nijeriya da Nijar na tsawon wajen kilomita 150. Ta gefen kudu ga Damasak da Malam Fatori, ta gefen arewa kuwa ga Diffa da Bosso. A kusa da Bosso ɗin ne yake faɗawa Tafkin Cadi. Watau ke nan manomin da ke ban ruwa a Kadawa da mai noman tattasai a Diffa, kan hanyar ruwa ɗaya suke zaune, ko da ba su taɓa ganin juna ba.

Me baƙo zai zo gani?

Yawon buɗe ido shi ne mutum ya bar garinsu na 'yan kwanaki, ba don fatauci ko neman aiki ba, don dai ya ga abin da bai saba gani ba, ya huta, ya ƙaru da ilimi. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi. Amma ga mai masauki, zuwan baƙo kasuwa ce. Baƙo zai biya kuɗin mota da na ɗaki, zai ci abinci, zai hau kwalekwale, zai sayi kilishi da hula da jakar fata ya kai tsaraba gida. Saboda haka kuɗinsa kan shiga hannun direba da mai tuwo da masunci da baduku da marini, ba tare da an ɗora buhu ko ɗaya a mota an kai wata ƙasa ba.

Shugabanninmu na farko sun gane wannan. A zamanin Audu Baƙo ne aka gina otal a bakin tafkin Bagauda, aka kuma gina wani mai suna Rock Castle a kan dutse a Tiga, don baƙi su sauka su sha iska su kalli ruwa. Daga baya harkar ta ja da baya, har ginin Bagauda ya zama reshen Makarantar Horas da Lauyoyi ta Nijeriya. Amma tafkin yana nan, duwatsu suna nan, dajin Falgore kuma yana nan, inda a da mai yawo kan ci karo da gwanki da mazo da gada da garken birai.

In baƙo ya bar Tiga ya shiga Kano, ga badala da Dutsen Dala da Gidan Makama da karofin Ƙofar Mata da Kasuwar Kurmi. Ga kuma hawan salla, wanda hukumar UNESCO ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa cikin jerin al'adun gargajiya na duniya a 2024.

Gaba kuma ga fadamar Haɗejiya da Nguru, wadda ita ce gagarabadau wajen tsuntsaye. Ban da namu na gida, irin su dinya da kirinjijiya da zalɓe da balbela, akwai dubban tsuntsaye da ke gudo wa sanyin Turai, su ƙetare Bahar Rum da Hamadar Sahara, su sauka nan su yi hunturu, sa'an nan su koma kafin bazara ta yi nisa. A Turai akwai mutane da yawa da sha'awarsu ita ce kallon tsuntsaye da tabarau mai jawo nesa kusa, suna kuwa kashe kuɗi mai yawa a kan haka. A 1989 Yarima Filib, mijin Sarauniyar Ingila, ya ziyarci matattarar tsuntsaye ta Dagona da ke ƙasar Bade. Har wa yau a ƙasar Bade akwai bikin kamun kifi na Gorgoram. In aka ƙara gaba kuma, sai gonakin jan tattasai na bakin kogi a Diffa, da garkunan raƙuma da shanu, da ƙauyukan Barebari da ke fuskantar juna ta kowane gefen ruwa.

Kowane ɗaya daga cikin wuraren nan, in shi kaɗai ne, bai cika isa ya taso da mutum daga nesa ba. Amma in aka jera su kamar tsakiyar carbi, daga Falgore har Bosso, sun isa tafiyar mako biyu da mutum zai daɗe yana ba da labarinta.

Ruwa shi ne jarin

Yanzu ga inda gizo ke saƙa. Tsuntsayen Turai ba don sunan Nguru suke zuwa ba, don ruwa da abinci suke zuwa. Bikin kamun kifi kuma ba ya yiwuwa a busasshen gulbi. Watau jarin yawon buɗe ido a kogin nan shi ne ruwan kansa, makullin babban kaso na ruwan kuwa yana hannunmu mu na sama.

A da can, ruwan damina kan sauko da ƙarfi ya malale fadama, kifi ya yi ƙwai, manoma su shuka shinkafa, in ruwa ya janye su bi danshi da wake da sauran amfanin rani, makiyaya kuma su sami ciyawa. Da aka gama Tiga a 1974, aka kuma gama madatsar Calawa da ke ƙasar Ƙaraye a 1992, sai tsarin nan ya canza. Ambaliyar damina ta ragu, sa'an nan ga ruwa kaɗan-kaɗan yana gudu har cikin rani. Wannan kuwa shi ne abin da ciyawar kacala ke so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, har ya zamana wasu garuruwa ruwa ya cinye gonakinsu, wasu kuma ko ɗigo ba ya kai musu. Yawancin ruwan da ke wuce Gashuwa ya nufi iyaka, na Kogin Jama'are ne, wanda babu babbar madatsa a kansa. Shi ya sa duk lokacin da aka ta da maganar gina madatsar Kafin Zaki a Jihar Bauci, hankalin mutanen Yobe da Borno kan tashi.

Kada ɗalibi ya ɗauka Tiga ɓarna ce. Tana ciyar da dubban iyalai, tana kuma taimaka wa birnin Kano da ruwan sha. Kada kuma a ɗora mata laifin ƙafewar Tafkin Cadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, amma ya koma ƙasa da kashi ɗaya cikin goma na haka bayan farin shekarun 1970 da 1980. Kusan kashi 90 cikin 100 na ruwan kogunan da ke shiga tafkin daga Kogin Shari yake zuwa, ta ƙasar Cadi. Abin da dai ya kamata mu gane shi ne, yadda ake buɗe ƙofofin madatsa, da lokacin da ake buɗe su, yana taɓa rayuwar mutanen da ke ɗaruruwan kilomita daga nan. Wanda ke rike da kan kogi amana ce a hannunsa.

Alkawuran da aka riga aka ƙulla

Ba yau aka fara tunanin haɗa kai ba. Ran 22 ga watan Mayu, 1964, Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa na Nijeriya, da Diori Hamani na Nijar, da Ahmadu Ahijo na Kamaru, da Tombalbaye na Cadi, suka kafa Hukumar Kula da Tafkin Cadi a birnin da yanzu ake kira Njamena. Kogin Yobe da rassansa suna cikin kwarin da ke zuba a wannan tafki. A 1971 kuma Nijeriya da Nijar suka kafa Hukumar Haɗin Gwiwa ta ƙasashen biyu, mai hedkwata a Yamai. A 1990 suka sa hannu a Maiduguri a kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kai bisa adalci, wadda ta ambaci Gulbin Maraɗi da ƙarshen Komadugu Yobe. A 2012 ƙasashen Tafkin Cadi suka amince da wani kundin ƙa'idojin amfani da ruwa.

A cikin gida ma an yi yunƙuri. A 2006 jihohi shida, watau Kano da Jigawa da Bauci da Filato da Yobe da Borno, suka kafa asusu guda don gyara al'amuran kogin. A shekarar 2000 tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da aka sa ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971 don kare fadamun duniya. A 2020 UNESCO ta sa yankin Haɗejiya da Nguru da Bade cikin wuraren da ake kiyaye halittunsu, a wannan shekara kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da dajin Falgore da fadamar Haɗejiya gandayen daji na ƙasa.

Ashe ke nan takardu ba su yi ƙaranci ba. Sai dai yawancinsu maganar noma da ruwan sha da kiwo da tsaro suke yi. Abin da ya rage shi ne a ɗora maganar baƙi a kan wannan harsashi.

Darasi daga wasu koguna

Misalin da ya fi kama da namu yana nan Afirka ta Yamma. Kogin Senegal shi ne iyaka tsakanin Senegal da Muritaniya. A 1972 ƙasashen biyu tare da Mali suka kafa hukuma ɗaya ta kogin, suka kuma gina madatsu biyu da suka mallaka tare, Diyama a 1986 da Manantali a 1988. A gefen Senegal akwai gandun tsuntsaye na Djoudj, wanda ake furtawa Juj, da ya shiga jerin kayan tarihin duniya na UNESCO a 1981. A gefen Muritaniya kuwa, gina Diyama ya busar da fadama, kifi da tsuntsaye suka gudu, mutane suka bi su. Daɗin daɗawa, a 1989 rikici ya ɓarke tsakanin ƙasashen biyu, aka yi asarar rayuka, aka rufe iyaka, ba su maido da hulɗa ba sai 1992.

Duk da haka ba a fid da rai ba. Muritaniya ta kafa gandun Diawling a 1991, daga 1994 kuma aka fara sakin ruwa da gangan ta ƙofofin da aka gina, a lokacin da ambaliya ta saba zuwa. Ciyawa ta dawo, kifi ya dawo, tsuntsaye suka dawo, mata suka koma saƙar tabarma. A 2005 aka haɗa gandayen gefe biyun suka zama yanki ɗaya na kiyaye halittu a ƙarƙashin UNESCO. Su ma suna fama da kacala kamar mu. Abin lura a nan shi ne jerin aikin: an fara da gyara ruwa, sa'an nan aka sami abin nuna wa baƙo.

Misali na biyu shi ne Kogin Zambezi, inda mashahurin gangaren ruwan Biktoriya yake tsakanin Zambiya da Zimbabuwe. Baƙo kan so ya kalle shi ta gefe biyu, amma a da sai ya sayi biza biyu. A 2014 ƙasashen suka fito da biza guda ta dala 50 wadda ke ba shi damar kai da kawowa a tsakaninsu. Ba su gina kome ba, takarda kawai suka sauƙaƙa, kowace ƙasa kuma ta ƙaru da baƙon 'yar'uwarta.

Abubuwan da suka tare hanya

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙinta sai ɓata. Abu na farko shi ne tsaro. Baƙo ba ya kai kansa inda zai kwana da ido ɗaya. Rikicin Boko Haram ya ɗaiɗaita ƙarshen kogin nan. An kai hari Damasak a 2014, an kai wa Bosso da Diffa a watan Fabrairu na 2015, dubban mutane suka bar gidajensu, noman tattasai da cinikin banda suka durƙushe. A nan gida ma, akwai shekarun da ɓarayin shanu suka mai da dajin Falgore maɓoyarsu.

Abu na biyu shi ne siyasa. Tun 1979 ƙungiyar ECOWAS ta yarda ɗan wata ƙasa ya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. Amma bayan juyin mulkin Nijar na ran 26 ga Yuli, 2023, aka rufe iyaka, Nijeriya ba ta buɗe nata gefen ba sai watan Maris na 2024, a watan Janairu na 2025 kuma Nijar ta fice daga ƙungiyar. Ko da yake haka ne, kogin bai fice daga ko'ina ba. Yana nan yana bin hanyarsa, mutanen gefe biyun kuma dangin juna ne, suna auratayya, suna cin kasuwa ɗaya.

Abu na uku shi ne yanayin kogin kansa. Ba irin Kogin Kwara ba ne da jirgin ruwa zai bi. A wurare da yawa yakan ƙafe da rani, saboda haka tafiyar ta mota ce, sai a wasu wurare a hau kwalekwale. Wannan yana nufin sai da hanyoyi masu kyau, da masaukai masu tsabta, da ja-gora masu sani.

Abin da za a iya yi

Da farko, a tsara sakin ruwa daga Tiga da Calawa yadda zai riƙa kwaikwayon ambaliyar damina, tare da sanar da na ƙasa kafin a buɗe, a kuma ci gaba da yashe hanyoyin da kacala ta toshe. Na biyu, ƙasashen biyu su riƙa musayar labarin yawan ruwa da ƙidayar tsuntsaye, domin wannan aiki ne na masana da ba ya jiran 'yan siyasa su shirya. Na uku, a tsara lokutan bukukuwa don kada su ci karo, baƙon da ya zo kallon tsuntsaye da hunturu ya sami bikin kamun kifi a kan hanyarsa. Argungu ta nuna mana abin da biki ɗaya kan yi wa gari, ga shi tun 1934 sunanta ke zagaya duniya, UNESCO ma ta karrama bikin a 2016. Na huɗu, a fara da inda ake da zaman lafiya, daga Tiga zuwa Nguru, kafin Allah Ya kawo sauƙi a gabas.

Kada kuma mu zaci baƙo sai Bature. Mutumin Damagaram ko Maraɗi da zai kawo iyalinsa su ga tafkin Tiga baƙo ne, kuɗinsa kuma kuɗi ne. Ba ma bukatar tafinta tsakaninmu da shi, tun ba ma da Nijar ta mai da Hausa harshen ƙasa a 2025 ba.

Mu ɗalibai ma muna da namu kason. Ƙungiyar labarin ƙasa ta makaranta tana iya zana taswirar kogin, ta rubuta sunayen tsuntsaye da kifaye da itatuwan bakin tafki da Hausa, ta tambayi dattawa yadda ƙasar take kafin a gina madatsa. Mu daina zuba shara a ruwa, mu hana ƙannenmu harbin tsuntsaye da danƙo, mu dage da koyon Faransanci, gama ja-goran gobe daga cikinmu za su fito. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda ke kan kogi kuwa shi ya kamata ya fara miƙa nasa. Allah Ya ba ƙasashenmu zaman lafiya da damina mai albarka, amin.

Tambayoyi

1. Zana taswirar kogin daga Falgore zuwa Bosso, ka nuna garuruwa shida da yake wucewa.
2. Bayyana yadda madatsar ruwa ke taimaka wa kacala ta yaɗu.
3. Kawo yarjejeniyoyi biyu da suka haɗa Nijeriya da Nijar a kan ruwa, tare da shekarunsu.
4. Wane darasi za mu koya daga gandun Diawling?